Saura Kilo Uku

A ɗakin jiran asibiti, kusa da ma'auni, wata mai jiki ta dubi siririyar matar da ke gefenta.

"Baiwar Allah, me kike sha kika tsaya haka? Ni ko ruwa na sha sai ya zama kitse."

"Hajiya, da ana kyautar ƙiba, da na roƙe ki kilo uku. Mijina ke kwance a ciki, jini yake buƙata, kuma nawa ne ya dace da nasa. Sun ce ba sa ɗibar jinin wanda bai kai kilo hamsin ba. Ɗazu har duwatsu na zuba a aljihu kafin in hau ma'auni. Nas ta ji ƙararsu, ta sa na zazzage."

"To ki riƙa ci mana, 'yar'uwa."

"Wata huɗu yana jinya. Duk abin da aka zubo min shi nake tura wa, in ce masa na ƙoshi. Na ɗauka taimakonsa nake yi."

"Yanzu yaushe za ki ciko?"

"Sun ce wata guda, in na dage da ci."

"Shi kuma fa?"

"Shi likita bai ce wata ba. Kwanaki ya ce."