Yadda Muka Tare Zaizaya a Bayan Majami'armu

Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro duka. Ni ne Yohanna daga Kafanchan. Aikina auna fili da zana inda lambatu, hanya da itatuwa za su zauna.

Bara na je ƙauyenmu kusa da Kagoro, na tarar ruwan dutse ya haƙa rami a bayan majami'a, saura taku biyar ya fara cinye maƙabarta daga kabarin mahaifiyata. Dattawa suka ce a gina katanga don tare zaizayar. Da na auna gangaren, na ce katanga faɗuwa za ta yi. A karkatar da ruwan tun daga sama, a jera duwatsu, a dasa ciyawar jema.

Baba Dogo, dattijon ikilisiya, ya ce, "Ɗana, ciyawa ce za ta tare ruwa?"

Na ce, "Baba, ku ba ni damina ɗaya."

Zumuntar mata suka kwaso duwatsu, muka yi aikin. Damina ta wuce, ko kabari ɗaya bai motsa ba.

Yanzu awakin maƙwabta ke cinye itatuwan da muka dasa. Jama'a, yaya zan hana su ba tare da faɗa ba? Iyayena na zumunta, Allah ya ƙara muku ƙarfi.