Mangwaron Maƙwabcina Ya Hana Ni Sakat

Malam mai karanta mana wasiƙu, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a gidajen ma'aikata na Tambuwal.

Shekarar da aka samu mulkin kai, aka raba mana dashen mangwaro, kowa ya dasa a filin da ke gaban gidajenmu. Rana ɗaya muka dasa da maƙwabcina Malam Buhari akawu, rijiya ɗaya muke ɗiba.

Ni kullum sai na share gindin nawa tas, na ƙone ganye, har duba-gari yana yaba mini. Shi kuwa duk rani, idan Fulani suka nufi Kebbe, sai ya ba su gero don shanunsu su kwana a gefensa, kamar yadda ake yi a gona. Mu sha wari da ƙudaje, shi ya sha taki!

Yau nasa ya wuce rufin kwano, ƙasar wurin baƙa wuluk. Nawa ko kafaɗata bai kai ba, gindinsa kamar daɓe. Da na yi ƙorafi, sai ya ce, "Malam, iccenka yunwa shika ji, ba ƙishirwa ba."

Abin da ya fi ci mini rai, ranar Juma'a surukina ya zo daga Sanyinna. Ya dubi nawa, ya naɗe tabarmar da na shimfiɗa masa, ya koma inuwar Buhari.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: me zan ba ƙasar nan ta farfaɗo, ba tare da na je roƙon kashin shanu wurin Buhari ba?