Lafiyata Ƙalau Na Fara Shan Maganin

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Saratu. A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ina koyarwa a firamare, ina haya a gidan wata Hajiya a Ƙofar Galadima.

Lafiyata ƙalau a lokacin. Tsoro ne ya ci ni. Na ga yadda bayan mahaifiyata ya tanƙware, na ce ni ba zan zama haka ba. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar bitamin D mai ƙarfi, ya ce tana gina ƙashi. Ya ce ɗaya a mako. Ni kuwa kullum nake haɗiya, wata rana har uku. Na dogara ga kwalba, ban dogara ga Ubangiji ba.

Bayan watanni sai ƙishirwa. In sha ruwa kamar raƙumi, fitsari ba iyaka. Ga amai, bayan gida ya ɗauke. Wata rana na tsaya gaban aji, sunan ɗaliba ko ɗaya ban tuna ba!

An yi mini maganin zazzaɓi, an yi na taifot. Shiru. Da na ji ƙarfina na ƙarewa, sai na ƙara yawan ƙwayar. Wayyo ni!

Ranar da matar fastonmu ta zo, ko tashi ban iya ba. Ta durƙusa tana addu'a. Ni abin da na iya faɗa kawai, “Yesu, na gaji, ban san abin da ke kashe ni ba.”

Muna cewa amin, Hajiya ta shigo da kunu. Ta hango kwalabe a ƙarƙashin gado, ta ce, “Malama, duk waɗannan ke kika shanye? Ku tafi da su asibiti.”

Likita ya duba kwalaben, ya sa aka auna jinina. Ya ce, “Hanta da ƙoda ke sarrafa wannan bitamin, ya riƙa jawo sinadarin kalsiyam cikin jini. Jikin mai lafiya yana da ma'auninsa. Ke kin fi ƙarfin ma'aunin, kalsiyam ya yi miki yawa, shi ya jawo miki wannan ciwo har ya taɓa ƙoda.”

Na daɗe ana yi mini ƙarin ruwa. Har yau ƙodata ɗaya ba ta koma daidai ba, amma ga ni tsaye a gabanku. Haleluya!

Na gode wa Allah. 'Yar'uwa, in ba ki san ma abin da za ki roƙa ba, ki kira sunansa kawai. Yana ji.