Sunan Ungozoma

A tashar Gumel, cikin motar Sule Tankarkar da ke jiran cika, wata dattijuwa ta dubi matashiyar da ke gefenta.

"'Yata, ban san fuskarki ba. Baƙuwa ce?"

"Eh, Iya. Ungozoma ce ni, an turo ni asibitin garinku. Sunana Rifkatu."

"Kirista ce ke nan. To, ki ji shawarar tsohuwa. Idan kin isa, ki ce sunanki Rakiya, ki mayar da gicciyen wuyanki ƙarƙashin mayafi. Matanmu ba sa sakin jiki da baƙo. Sai ki wuni babu wadda ta zo awo."

"Na gode, Iya. Nima na ji tsoron hakan, har na yi addu'a a kansa. Amma Yesu Almasihu ya karɓe ni ina Rifkatu, bai ce in canza kafin ya ƙaunace ni ba. Kuma macen da za ta ba ni amanar ranta a ɗakin haihuwa, yaya zan fara da yi mata ƙarya?"

"Idan suka guje ki fa?"

"Zan share ɗakin, in zauna in jira. Darajata ba ta rataya ga yawan masu zuwa ba."

Dattijuwar ta yi dariya.

"Kai, wannan yarinya akwai taurin kai! Jikata Mahbuba tana da tsohon ciki, tsoron asibiti take yi. Gobe da kaina zan kawo miki ita. Maimaita mini sunan a hankali, kada in je in ɓata shi a gaban mutane."