Hannun da Na Ce a Yanke

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana na zumuntar mata. Ni ce Saratu mai daddawa, daga ƙauyenmu na bayan Rurum. Kun san ni, ba a taka ni. To, yau ni zan tona kaina.

Jikana Bitrus, ni na goya shi tun da uwarsa ta rasu. "Maigida" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "amarya mai furfura". Yana shekara goma sha biyar ya bi abokan banza, suka kwance hannun famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyenmu da sandunansa, suka sayar wa 'yan gwangwan. Famfo ɗaya tak, mu da Musulmi duk shi muke sha!

Lokacin ko'ina maganar shari'a ake. Da aka kama shi, na tsaya a gaban jama'a na ce, "A yanke hannun! Kuma in na ƙara shan ruwa daga hannun nan, ba ni ce Saratu ba."

Maƙwabcinmu Malam Sule ya ce, "Haba Iya, shari'ar nan ba ta hau kanku ba, kuma yaro ne. Ki tauna maganarki."

Ban tauna ba. Aka kai shi gidan gyaran hali a Kano, ban taɓa leƙa shi ba. Da ya fito ya aiko a gaishe ni, na ce ba ni da jika.

Famfo kuwa ya zauna a mace. Muka koma rafi. Wata rana da rani na taso da tulu a ka, gwiwata ta ƙi, na faɗi, tulun ya fashe. Ina zaune cikin ƙura ina kallon ƙasa tana shanye ruwana, sai kuka. Na ce, "Ya Yesu, famfon nan ya bushe, zuciyata ta fi shi bushewa. Wanda Ka ga dama, Ka fara gyarawa."

Ba a yi wata guda ba, sai ga a-kori-kura daga Rano cike da bututu. Ashe akwai wani maƙeri da ya buɗe wurin koyon sana'a, yana ɗaukar yaran da suka fito daga gidan gyaran hali. Yana koya musu walda da gyaran famfo, ƙauyuka su biya, da abin ake ciyar da su a koya wa na baya. Ya zo da samari huɗu. Wanda ke riƙe da sifana, Bitrus ne! Shi ya roƙi ogansa a zo ƙauyenmu. Sabon hannun famfon, shi ya haɗa shi da kansa.

Wuni guda suna zura sanduna. Da la'asar Bitrus ya kama hannun ya tuƙa. Famfo ya yi tari, ya yi tari, sai ruwa! Yara na ihu, mata na guɗa.

A wurinmu ruwan farko na babbar mace ne, kuma ni ce babba. Bitrus ya cika ƙwarya, ya taho, hannunsa duk tabon wuta. Ya tsaya nesa, kansa a ƙasa. Kowa na tune da rantsuwata.

Na dubi hannun nan da na ce a yanke. Tsoron Allah ya kama ni. Da Ya amsa mini ran nan, wa zai ba mu ruwa?

Na ce, "Maigida, haka ake ba amarya ruwa, daga nesa?"

Ya durƙusa yana kuka. Na sha, 'yan'uwa. Na shanye tas! Malam Sule ya ce, "To Iya, yanzu wane suna za mu kira ki?" Na ce, "Kakar Bitrus."

Haleluya! Na gode wa Ubangiji da bai biye wa bakina ba. Ke da ɗanki yake can a tsare, kada ki yanke abin da Allah bai yanke ba. Ki dogara gare Shi, ki shirya ƙwaryarki. Amin.