Ba Zan Sauke Ƙarfen Bakin Rafi Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki.

Sunana Ladi, ina noman doya a gindin dutse kusa da Tungan Maje. Makon jiya kun yi maganar ƙasashen da ƙanƙarar duwatsunsu ke narkewa, ambaliya ta ci gari ba tare da hadari ba. Wani ya bugo waya wai me ya shafe mu. To malam, ni ya shafe ni.

Bara muna wanki a rafi, rana tsaka, ko yayyafi ba a yi mana ba. Ashe can kan dutse aka tafka ruwa. Sai na ga rafin ya yi ja yana kawo ganye. Na kurma ihu, muka gudu. Kayanmu suka tafi, da ƙyar ƙanwata ta fizgo jaririnta. Tun tasowata ban taɓa ganin haka ba.

Shi ne na rataya tsohon ƙarfen mota a bishiya, duk wanda ya ga ruwa ya canza launi ya buga. Yanzu wani oga mai sayar da filaye ya ce in sauke, wai ina korar masa masu saye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya musu gaskiya, ko ƙarfen ya gaya musu."

Ina gaida matan rafinmu. Masu sauraro, ku taimaka min: ina ake samun ƙarfen da ya fi wannan ƙara?