Mai Barci a Aji

A ɗakin jira na asibiti, wani tela da zare maƙale a hannun rigarsa ya daɗe yana kallon yaron da ke gyangyaɗi a jikin uwarsa. Daga ƙarshe dai bakinsa ya kasa haƙuri.

"Sannu, Hajiya. Farfaɗiya ce? Tawa 'yar ma ita ke damunta."

"Ita ce, Malam. Maganin ya tsayar da faɗuwar, amma barci yake sa shi a aji. Da yana cikin na gaba-gaba, yanzu ya koma can ƙasa. Ina jin cire shi zan yi."

"Haba, kar ki cire shi. Ki faɗa wa likita zancen barcin. Tawa da aka gyara mata lokacin shan maganin, ta biyu ta zo. Ni kuwa na yini a kan keken ɗinki ina haddace kalmomin rarrashi. Ta miƙo min sakamako, na rasa inda zan kai jawabina."

Matar ta yi dariya. "Gado ta yi ke nan."

"Wane gado? Ni lafiyata ƙalau, ko ƙwaya ɗaya ban sha ba, amma duk ajinmu ba wanda ya kai ni barci. Ki kuma je ki sami malamar ajinsa ta yi masa uzuri. Wasunsu na da tausayi."

Ta gyara wa yaron hula, ta yi ajiyar zuciya.

"Ni ce malamar ajinsa. Ni na rubuta masa 'ya rage barci' da jan biro, na koma gida na sa hannu a wurin uwa."